Sarautar Cikin Rumbu

Akwai wani mutum mai suna Tunau, bara ne a gidan wani babban manomi. Ba mugu ba ne, ba kuwa malalaci ba. Aibinsa ɗaya ne: in aka yabe shi, kunnuwansa sukan yi nauyi har su rinjayi kansa. Ya ba hamsin baya, yana da tumbi madaidaici irin na mutanen kirki, kada kuma wani ya dube ni, ba da kowa nake ba. Yana da mata mai suna Tabawa, wadda muryarta takan huda bango ta fita ta ɗaya gefen.

Maigidansu yana da rumbun ƙasa wanda babu irinsa a yankin. Tsayinsa ya kai mutum uku in sun hau kan juna. Cikinsa kamar ɗaki, an yaɓe shi sumul, ya tafi sama yana tsukewa kamar tulu, har bakinsa bai wuce faɗin kafaɗun mutum ba. Ta bakin nan ake shiga, ta nan ake fita, babu wata ƙofa. Abincin gidan na shekara duka yana ciki. A ciki kuma Maigida yakan rataye jakar rigunansa na biki, don gudun gobara.

Dokar rumbun biyu ce. Ba a shiga da riga, domin bakin ba ya wuce mutum da kaya. Ba a kuma shiga sai da wani zaune a baki riƙe da igiya, domin wanda ya shiga rumbu ba ya fid da kansa, sai an fid da shi. Zaman bakin nan shi ne aikin Tunau. Shekara goma sha bakwai yana yinsa, igiya ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

Mai shiga ciki kuwa shi ne wakilin Maigida, babban baran gidan. Ana ce masa Gamzaki, sunan tauraron nan mai haske da kan fito da asuba, domin kullum shi ne farkon tashi, ga shi kuma kyakkyawa. In ya ɗaga murya a gona, masu noma sukan manta da ciwon baya. Maigida ya ƙaunace shi, ya ba shi abin da bai ba wani bara ba. Babu wanda ya san alherin Maigida kamar Gamzaki, gama a gabansa yake tsayawa safe da yamma.

Wata rana a tsakiyar bazara, Maigida da ɗansa, wanda ake kira Magaji, suka tafi gonar ƙetaren kogi, za su yi mako guda. Washegari da safe Gamzaki da Tunau suka jingina tsani suka hau don ɗiban hatsin tuwo. Suka ɗage jinkar da ke rufe bakin. Rumbun kuwa a cike yake maƙil, har Gamzaki da ya shiga ya tsaya bisa dammunan gero, rabin jikinsa yana waje. Ya dubi gari a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana dubawa.

Sai ya ce, “Tunau, in ana ɗiban hatsi, ina Maigida yakan tsaya?”

“Can ƙasa, Wakili. Gindin rumbu.”

“Mu fa?”

“Mu muna sama.”

“To, wa ke bisa wani?”

Tunau ya leƙa ƙasa. Bai taɓa duban abin ta nan ba.

Gamzaki ya miƙa hannu ya ciro jakar Maigida. Ya zaro farar babbar riga, wadda Maigida kaɗai yake sawa ranar cin sabon hatsi, ya zura ta.

“Wakili! Wakili, rigar Maigida ce fa!”

“Na san ta fiye da kai. Ka gaya mini gaskiya, wa ta fi yi wa kyau?”

Gaskiya kuwa ta yi masa kyau. Rana ta haske shi har mutanen da ke wucewa suka tsaya suna kare ido da tafin hannu. Gamzaki ya ɗaga damin gero ya jefa musu, ya ce, “Daga yau wanda ya ba ku abinci shi ne mai gida. Ku ɗauka!”

Kafin hantsi gindin rumbu ya cika. Waɗansu barorin gidan suka tsaya daga nesa suna riƙe da baki, suka ce ba ruwansu. Amma waɗansu, ba kaɗan ba, suka cire huluna suna kirari: “Gamzaki na gaban rana! Kai ka riga gari wayewa, rana ma bayanka take bi!” Duk kirari ɗaya, dami ɗaya.

Tunau yana zaune a baki da igiyarsa. Gamzaki ya dube shi da tausayi.

“Shekara nawa kana zaune a nan kamar marfin tukunya?”

“Sha bakwai.”

“An taɓa yi maka kirari?”

“Tabawa takan yi mini, amma ba irin wannan ba.”

“Mutum kamarka, da wannan ƙira, da wannan cika ido! Ni tun tuni nake cewa a raina, an yi asarar waziri. Shigo. Akwai riguna uku a jakar nan, duk naka ne.”

“Baki fa? Wa zai tsare?”

“Baki ga shi a ƙugunmu. Wa ke neman igiya ya fita daga abin da zai iya tsallakewa?”

Tunau ya duba, ya ga haka ne. Ya ajiye igiyar a gefe, ta zame ta faɗi waje, bai ko waiwaya ba. Ya shiga. Ya sa shuɗiyar riga, ya ɗora mai ruwan ƙwai, ya ɗora mai aiki a wuya, uku rigis, ɗaya kan ɗaya. Da ya miƙe, mutane suka ɗauki ihu: “Waziri Tunau! Tumbi ya fi rumbu!” Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Bai tsaya ya auna maganar ba.

Sai muryar Tabawa ta keta kirarin.

“Baban Larai! Me nake gani haka? Sauko!”

Tunau ya gyara wuyan riga, ya ce, “Mace, ki iya bakinki. Da Waziri kike magana.”

“Wazirin gara da ɓeraye? Kai da wandonka ke da faci uku, ni na ɗinke su da hannuna! Sauko tun ana ganin mutuncinka!”

Aka yi dariya. Gamzaki ya ɗaure fuska, ya ce a sare tsanin nan a hura wutar tuwon biki da shi. “Sarki ba ya bukatar tsani,” in ji shi. “Ai ba sauka zai yi ba.” Ya sa hannu ya ture jinkar ma, ta faɗi ƙasa, wai tana tare masa kallo. Tabawa ta ga ana faskara tsani, ta ɗora hannu a ka. Ta ɗaure zane ta kama hanyar kogi, wurin Maigida.

Kwana biyu ana shagali. Ana miƙo musu tuwo da fura a kan dogon sanda, su kuwa suna jefa gero. A rana ta biyu Tunau ya lura da wani abu. Bakin rumbu da ke ƙugunsa jiya, yau yana daidai haɓarsa. Can da rana ta yi, sai da ya yi ɗage kafin ya ga kawunan mutane.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “ina ga kamar bakin nan yana tafiya sama.”

“Rumbun ne yake girma saboda darajarmu. Jefa.”

“Da dai mu fita mu sha iska, sa’an nan mu dawo.”

“Ji! Ka ji sun yi shiru? Da ka tsaya, sun tsaya. Jefa, Waziri!”

Haka ne kuwa, da hannu ya tsaya, kirari ya tsaya. Tunau kuma ya riga ya saba da zaƙin abin. Dami ya yi nauyin jefawa sama, sai suka riƙa kwancewa suna cilla zangarniya runguma runguma. Ba su ƙara ganin masu yabonsu ba, sai dai su ji murya. Suka ci gaba da jefa wa murya abinci.

A rana ta uku da hantsi, Tunau ya sunkuya zai ɗiba, yatsunsa suka kankari ƙasa.

Ya tsaya cik. Ya tattaka da ƙafa. Ƙasa ce, tauri gare ta, babu kome a kai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ya ɗaga kai. Bakin rumbu yana can sama, ƙanƙane kamar faifai. Ya shafa bango, sumul, ko inda farce zai kama babu. A waje kuma tsit, ko tarin mutum ba a ji. Masu kirari sun kwashe abin da suka samu, sun ji ruwan gero ya ɗauke, sun watse.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ashe tsawon nan da yake taƙama da shi ba nasa ba ne. Geron Maigida ne yake ƙarƙashin ƙafarsa. Da hannunsa ya ɗebe abin da yake tsaye a kai, yana murna.

“Wayyo Allah! Gamzaki, mun mutu!”

“Wa kake kira Gamzaki gatsau? Ka ce ranka ya daɗe.”

Rana ta hau tsaka, ta leƙo ta bakin da babu jinka. Rumbun ƙasa a bazara tanderu ne. Babu ruwa tun jiya. Ƙaiƙayin gero ya shiga tsakanin riga da riga, ya haɗu da gumi, yana cin Tunau kamar tururuwa. Harshensa ya kumbura. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, rumbun ya maido masa da ihunsa. Gamzaki kuwa yana zaune bisa jakar da babu kome a ciki, ya harɗe ƙafa, yana kaɗe ƙura daga farar riga. A hannunsa akwai laujen da suke yanke ɗaurin dami da shi.

Tunau ya zube a gindin bango. Idanunsa suka soma ganin duhu duhu. Ya san in rana ta karkata bai sha ruwa ba, gawarsa za a fitar, in ma an fitar.

Sai ya ji ana jingina wani abu a bango daga waje, ya ji ana hawa. Hasken bakin ya rufe. Ya ɗaga ido, ya ga fuskar Maigida.

Da ƙasa za ta tsage, da Tunau ya shige. Tsoho mai furfura, wanda ake durƙusa wa tun daga zaure, ya hau azara da ƙafafunsa kamar mai gyaran jinka. Tunau ya jira tsawa. Maigida ya dubi rumbunsa wayam, abincin shekara guda. Ya dubi rigunansa. Sa’an nan ya ce, “Tunau, kana da rai?”

Tunau ya fashe da kuka.

Aka zuro igiya. Tunau ya rarrafa ya kama. Kafin a ja, Gamzaki ya miƙe, ya yi tsalle, ya sa lauje ya datse ta can sama. Guntun ya faɗo a kan Tunau. Ragowar tana lilo inda hannu ba ya kaiwa.

“Babu mai fita daga ƙasata sai da izinina,” in ji Gamzaki. Ya damƙi wuyan rigunan Tunau ta baya, ya murɗa. Ya ɗaga kai ya dubi wanda ya ɗaukaka shi, ido cikin ido. “Tsoho, ka zo gaisuwa ne? Ka makara. Kome ka zuro, zan yanke.”

Maigida ya ce, “Gamzaki, me na hana ka?”

“Wurinka.”

Fuskar Maigida ta janye daga bakin rumbu. Tunau ya ji ana magana ƙasa ƙasa a sama, ya ji barori suna cewa, “A’a, ranka ya daɗe! Ba kai ba! A bari a nemo wani!” Sai ga ƙafafu biyu babu takalmi sun zuro ta baki. Mutum ya bi ragowar igiya, ya saki, ya diro a tsakiyarsu, ƙura ta tashi.

Magaji ne. Ɗan Maigida tilo, mai gemu, mai gonaki, wanda kome na gidan nasa ne. Ya tuɓe rigarsa ya bari a sama, ya shigo daga shi sai wando, kamar ƙaramin bara.

Tunau ya manta da ƙishirwa don mamaki. “Magaji! Me ya kawo ka ramin nan?”

“Kai ka kawo ni, Baba Tunau.”

Daga sama Maigida ya yi kira. Amma rumbu wofi yakan cinye rabin magana, kunnuwan Tunau kuma suna ƙara. Abin da ya ji shi ne, “Tuba!”

Ya faɗi rubda ciki iyakar inda riƙon Gamzaki ya bar shi. “Na tuba, Maigida! Na tuba, na bi Allah na bi ka!”

Maigida ya sāke kira. Tunau ya ƙara ƙarfi: “Na ce na tuba! Sau nawa zan tuba?”

Sai muryar nan ta huda bango daga waje: “Tuɓe aka ce, kurman banza! Tuɓe! Cire rigunan mutane!”

Tunau ya ɗaga kai a ruɗe. “Maigida, tuba ko tuɓe?”

Maigida ya ce, “Duka biyun. Bakin nan bai ƙara faɗi ba tun da ka shiga.”

Nan fa ake yinta. Tuba da baki ba ta yi wa Tunau wuya ba, ya yi ta sau bakwai a numfashi ɗaya. Amma ya ji hayaniya a waje, ya san gari duka ya dawo kallo. Waɗanda suka ce masa Waziri shekaranjiya suna nan. Ya tuna da faci uku. Ya tuna da tumbi.

Gamzaki ya sunkuyo kunnensa, muryarsa kamar zuma. “Za su yi maka dariya har jikokinka. Zauna. A nan kai waziri ne. A can mene ne kai? Marfin tukunya.”

Tunau ya dubi Magaji. Ya ga ƙaiƙayi ya manne a kafaɗunsa, ya ga gwiwarsa ta goge wurin dirowa tana jini. Wannan bai ji kunyar tuɓewa a gaban gari ba, shi da ba shi da laifi.

Ya ɗaga hannuwa sama, ya sulale ƙasa. Ya fita daga cikin riguna uku kamar maciji daga saɓa, ya bar Gamzaki riƙe da tsumma.

Magaji ya durƙusa a ƙarƙashin igiyar, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ya ce, “Taka ni.”

“Me?”

“Taka bayana, ka hau kafaɗata. In na miƙe, za ka kai igiya.”

Tunau ya ja da baya har ya bugi bango. “Ni? In taka ka? Ni da ko inuwarka ba na takawa? Gara in mutu a nan!”

“To, wannan ma riga ce, Baba Tunau. Tuɓe ta. Ba ka da wani tsani sai ni.”

Gamzaki ya fashe da dariya, rumbu ya ɗauka. Ya yi ihu don na waje su ji: “Ku zo ku gani! Ɗan tsoho ya durƙusa a gabana! Ya yi mini mubaya’a!” Ya ɗaga lauje.

Tunau ya runtse ido, ya ɗora ƙafarsa mai kaushi a bayan ɗan Maigida. Ya ji ƙashin yana motsi a ƙarƙashinsa. Ya hau kafaɗa yana dafa bango. Magaji ya yi nishi, ya soma miƙewa a hankali da nauyin mutum ɗungum a wuyansa. Tunau ya ji jikin da ke ɗauke da shi ya girgiza sau ɗaya, ya sāke girgiza, amma bai durƙushe ba. Yatsunsa suka taɓa igiya. Ya naɗa ta a hannu, aka ja.

Bakin rumbu ya goge masa fatar kafaɗa, ya riƙe tumbin kaɗan, sa’an nan ya sake shi. Ya fito cikin iska, daga shi sai wando mai faci uku, a bisa kan gari duka.

Ba wanda ya yi dariya. Duk idanu suna kan ƙafafunsa. Ya duba, ya ga jini har idon sawu, shi kuwa ba shi da rauni.

“Magaji!” ya ƙwala kira cikin rumbu. “Magaji!”

Shiru. Mata suka ɗora hannu a ka. Tabawa, wadda ba a taɓa jin ta rasa magana ba, ta zauna daɓas a ƙasa. Tunau ya ce a ransa, na cinye hatsin mutumin nan, yanzu kuma na cinye ɗansa. Ya dubi Maigida yana jira a tunkuɗa shi ƙasa.

Maigida ya warware rawaninsa a gaban jama’a, ya bar furfurarsa a rana. Ya ƙulla rawanin a bakin igiya, ya zura. Aka jira. Aka ƙara jira. Sai igiyar ta yi nauyi.

Da Magaji ya fito, bayansa a tsage yake, tafin hannuwansa biyu a yanke, gama da hannu ya kama kaifin laujen ya ƙwace. Ya jefar da laujen ƙasa, a karye. Ya dubi Tunau, ya ce, “A ba shi ruwa.”

Maigida ya ɗauki rigar da Magaji ya bari a bakin rumbu, ya zura wa Tunau da hannunsa. Tunau ya ce, “Maigida, ba tawa ba ce.” Maigida ya ce, “Waɗancan ka ɗauka. Wannan an ba ka.”

Barorin da suka yi wa Gamzaki kirari suka tsere jeji, ba su dawo ba. Shi kuwa Gamzaki, aka ji muryarsa daga ciki tana cewa a gaya wa tsoho da ɗansa ya kore su daga ƙasarsa. Maigida ya ce a bar shi, akwai ranar da ya sa za a rushe rumbun nan. Har ranar ta zo, masu wucewa sukan ji murya mai daɗi tana kiransu da sunansu, tana cewa akwai sarauta a ciki, saura waziri.

Ma’anar misalin nan ga ta, ku kuma buɗe kunne, domin sau ɗaya zan faɗa. An sha yi mini ƙorafi wai ina tsawaita bayani, ni da ba a taɓa kama mutum yana gyangyaɗi a ajina ba sai wanda ba shi da lafiya.

Maigida shi ne Allah Uba. Magaji shi ne Ubangijinmu Yesu Almasihu. Gamzaki kuwa Shaiɗan ne. Ku daina zana shi da ƙaho da wutsiya. Maganar Allah ta nuna mana ba haka aka halicce shi ba. Mala’ika ne mai haske, mai daraja, yana tsaye kusa da kursiyin Allah. Ba sata ce ta fara kā da shi ba, ba kisa ba, ba giya ba. Ya dubi kyan da aka ba shi, ya ce nasa ne, ya nemi wurin Mai bayarwa. Zunubi na farko ba a mashaya aka yi shi ba. A sama aka yi shi, a wuri mafi tsarki, mai aikin Allah ne kuma ya yi. Wannan ya kamata ya kaɗa hanjin duk wanda ke da kujera a gaban ikilisiya. Barorin da suka tsere jeji su ne mala’ikun da suka bi shi suka fāɗi tare da shi.

Geron da ke ƙarƙashin ƙafa shi ne kowace baiwa da Allah ya ba mutum: murya, ilimi, kyau, lafiya, iya magana. A kansa kake tsaye. Ranar da ka soma cilla shi don a yi maka kirari, ka soma sauka, ko da kana jin kamar rumbu ne yake girma.

Tunau kuwa ku ne. To, da ni, tun da kun kafe ni da ido.

Kowace shekara sai wani mai kaifin kai ya tambaye ni, wai in Shaiɗan ya tuba, za a karɓe shi? Yana zaton ya ɗaure ni. Ga amsa. Maganar Allah ba ta ba mu labarin wata fansa domin mala’ikun da suka fāɗi ba, abin da ta faɗa a kansu hukunci ne. Sun yi tawaye ido buɗe, suna ganin fuskar Maigida, ba wanda ya ruɗe su, har yau kuma ba su nemi igiya ba sai don su yanke. Ɗan Allah bai ɗauki kamannin mala’ika ba. Jikin mutum ya ɗauka, ya diro cikin raminmu. Abin da ya kamata ya ba ka tsoro ke nan, ya kuma sa ka kuka: an wuce masu haske, an sauko domin mai faci uku. Saboda haka bar tambayar ko Gamzaki zai fita. Kai ka fita?

Ku lura kuma, da Yesu ya sunkuya a kan gicciye, Shaiɗan ya zaci mubaya’a ce. Mai girmankai ba ya iya karanta tawali’u, kullum yakan ɗauka faɗuwa ce. A nan aka karya masa lauje.

Saura magana ɗaya, ita ce mai zafin. Yawancinmu mun iya tuba, ba mu iya tuɓe ba. Mukan ce “na tuba” ranar Lahadi da murya mai daɗi, riguna uku kuwa suna wuyanmu. Wani rigarsa ita ce, “Ni dattijon ikilisiya ne, ba zan ba yaro haƙuri ba.” Wata rigarta, “In ba ni na ja waƙa ba, ba zan zo zumuntar mata ba.” Wani kuma tasa ta fi duka kauri, domin kama da tawali’u take: “Zunubina ya yi yawa, ban isa Yesu ya ɗauke ni ba.” Ni ma ina da tawa, mai kyau ce ƙwarai, ba kuwa zan gaya muku ba, amma matata ta san ta, ta kuma gaya wa Ubangiji.

Akwai wanda ya kamata ka je gidansa yau, kafin ka ci tuwon rana, ka ce masa, “Ni ne da laifi.” Ka san shi. Tun ɗazu sunansa yake maka ƙaiƙayi. Za a yi maka dariya? Mai yiwuwa. Ban taɓa jin an binne mutum saboda kunyar tuɓewa ba, amma rumbu ya ci mutane da yawa cikin ado.

Ɗan Maigida yana durƙushe, bayansa yana jini. Kada ka bar shi yana jira kana gyaran wuyan riga.